Wane Abubakar Ɗin?

Makon jiya na je wani suna a unguwarmu. Ana idar da sallar asuba aka baza tabarmi a ƙofar gida, aka zagaya da goro da dabino, liman ya yi addu'a muka shafa, maroƙi ya miƙe ya sanar cewa an samu Abubakar. Ana cikin watsewa sai wan jaririn, yaron da bai fi shekara goma sha biyu ba, ya zo ya durƙusa gabana ya ce, "Baba, wai sunan wa ya ci?" Na ce sunan kakanku, Allah ya jiƙansa. Ya ɗan yi shiru, ya sake cewa, "To shi kakan namu fa, sunan wa ya ci?" Na buɗe baki zan amsa, sai na ga maganar ta fi ƙarfin tsaye-tsaye a bakin hanya. Na ce ya same ni gida bayan la'asar.

Har na isa gida ina lissafi da yatsu. Ku da muka yi wayo tare a shekarun 1960, ku taya ni tunawa. Daga 1962 zuwa farkon 1966, in ka nufi Sakkwato don gaida Sarkin Musulmi, Abubakar za ka tarar. In ka gangara Ikko ka tambayi wanda ke riƙe da gwamnatin ƙasar nan, Abubakar ne. In shari'a ta kai ka Kaduna gaban Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa, Abubakar ne zai saurare ka. In kuma ka dawo gida ka zazzage jakar makarantar ɗanka, littafin da ya fi sauran jin jiki saboda yawan buɗawa, Abubakar ne ya rubuta shi. Rawani da mulki da shari'a da alƙalami duk a hannun takwarori, mu kuwa muna tsakiyar abin ba mu ko lura ba. Abin da ido ya saba gani ba ya ba shi mamaki.

Shi sunan tun asalinsa alkunya ne. Sayyidina Abubakar Siddiƙu, abokin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a cikin kogo da kan hanyar hijira, sunansa na yanka Abdullahi. Ɗan kasuwa ne kafin ya zama halifa na farko. Da sunan ya iso ƙasarmu sai muka yi masa abin da muke yi wa duk abin da muke ganin girmansa, muka lulluɓe shi. Muka ce Garba, muka ce Habu, Fulani suka ce Buba, Barebari suka ce Bukar, wasu suka tsaya a kan Sadiku. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, mace ba ta kiran sunan surukinta, don haka jaririn da ya ci sunan kakansa sai ya tashi a Abba ko Baffa, ya girma ya yi gemu da yawa ba su san sunansa na gaskiya ba.

Kunyar nan ce ta ba mu sunayen garuruwa. Da boko ya zo, malami zai buɗe rajista ya ga Abubakar huɗu ko biyar a aji guda. Ya tambayi yaro sunan mahaifinsa, yaro ya sunkuyar da kai yana zanen ƙasa da ɗan yatsa, domin a tarbiyyar gidansu faɗin sunan uba fitsara ce. Sai malam ya tambayi garinsu ya rubuta. Ta haka Tafawa Balewa da Gummi da Rimi, garuruwan da da sai masu cin kasuwarsu za su san da su, suka shiga bakin duniya albarkacin yaran da suka ƙi faɗin sunan iyayensu. Yau kuwa ɗan shekara huɗu zai rangaɗa maka sunan ubansa da na kakansa yana kallon idonka, kuma ba laifinsa ba ne, haka takardar makaranta ta nema.

Biyu daga cikin takwarorin nan sun haɗu tun ba wanda ya san su, kuma nan ne nake so mu ɗan zauna. An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911, an haifi Abubakar Tafawa Balewa a ƙasar Bauchi a 1912. Sun yi zamani a Kwalejin Katsina, suka fito malaman makaranta, ɗaya yana koyarwa a Midil ta Katsina, ɗaya a Midil ta Bauchi. A 1933 Rupert East, Baturen da ke kula da aikin talifi a Zariya, ya bi manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko. Ba ƙaramin abu ya nema ba. A wancan lokaci rubutu na malamai ne, na addini da wa'azi da tarihi, tatsuniya kuwa ta tsofaffi mata ce da yara bayan an ci tuwon dare. Mutum mai mutunci ya zauna ya ƙaga abin da bai faru ba, har ya sa sunansa a kai? Da yawa sun ga abin wasa ne. Duk da haka aka samu littattafai biyar: Ruwan Bagaja, Shaihu Umar, Ganɗoki, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Biyun farko na Abubakar biyu ne. Na ukun kuma na Malam Bello Kagara ne, wan Imam.

Duk wanda ya karanta biyun nan a jere ya san kama da wane ba ta wane. Ruwan Bagaja dariya ne daga bango zuwa bango. Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suna bin juna gari-gari, wannan ya yi wa wancan ƙeta, wancan ya rama da wadda ta fi. A ajinmu in aka zo kan Zurƙe sai malam ya bugi tebur kafin a yi shiru, shi ma yana danne tasa dariyar. Shaihu Umar kuwa ba ya bari ka yi ko murmushi. Yaro ne aka sace, aka haye Sahara da shi. Uwarsa ta bar duk abin da take da shi ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi, kuma ba su sake haɗuwa ba sai da ƙarfinta ya ƙare. Saurayi ɗan shekara ashirin da ɗaya ne ya rubuta wannan, a lokacin da akwai sauran tsofaffi a raye waɗanda suka ga kasuwar bayi da idonsu, wasu ma an yi cinikinsu a cikinta. A ganina, cikin biyar ɗin nan babu wanda ya kai shi ƙarfin hali. Ruwan Bagaja ya fi shi zaƙi, amma Shaihu Umar ya dubi abin da kowa ke kau da kai daga gare shi.

Daga nan hanya ta rabu, amma ba yadda muke zato yanzu ba. East ya ɗauko Imam zuwa Zariya, ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku, ya ba mu aku mai bakin da ya kai shi ga zama waziri. A 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta na Hausa, ya riƙe ta shekara goma sha biyu. Takarda guda takan zaga unguwa, wanda ya iya karatu ya zauna a tsakiya yana karantawa da ƙarfi, dattawa suna jinjina kai. Hausar da muke rubutawa yau, yadda muke jera magana a takarda ta yi kamar ana hira, mafi yawanta a hannunsa aka sassaƙa ta. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya, ya tafi Ingila cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe, ya gana da Lugard, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Wannan duk mun riƙe. Abin da muka manta shi ne Imam ma ya taɓa siyasa. Yana cikin waɗanda aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa da su, ya zauna a majalisa a farkon shekarun 1950, sannan ya tattara ya bar ta. Ya rasu a 1981 da mutuncinsa cikakke.

Shi kuwa na Bauchi, da ya shiga bai fita ba. Ya je Landan ya ƙaro karatun koyarwa a 1945, ya dawo ya shiga majalisa. A 1950 ya miƙe a majalisar Arewa, shi da ba ɗan sarki ba, ya nemi a gyara tsarin mulkin En'e, a san cewa talaka ma yana da ta cewa. Ku da kuka san yadda En'e take a lokacin kun san nauyin wannan magana. Ya zama minista a 1952, Firayim Minista a 1957, shi ya karɓi 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba 1960, bayan mako guda ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya da muryar nan tasa da aka yi wa laƙabi da ta zinariya. A Janairun 1966 sojoji suka ɗauke shi daga gidansa cikin dare, bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanya. Aka kai shi Bauchi aka binne. Bai sake rubuta wani ƙagaggen labari ba bayan na farkon. Duk lokacin da ake lissafin abin da siyasa ta cinye mana, ni nakan ƙara da littattafan da mutumin nan bai samu sukunin rubutawa ba.

Gwada ka tsayar da matashi yau ka tambaye shi Tafawa Balewa. Zai ce jami'a ce a Bauchi, ko dandali ne a Legas. Wanda ya fi ƙoƙari zai ce hotonsa ne a kan naira biyar, takardar da yanzu ko ruwan leda ba ta saya, yara ma ba sa sunkuyawa su ɗauka in sun gan ta a ƙasa. Ka ce masa mutumin marubuci ne, har Adamu Halilu ya mayar da littafinsa fim a 1976, sai ya dube ka kamar ka rikita shi da wani. Ba na ganin laifinsa. Mu ne muka ɗora wa kowane mutum hula guda muka ɓoye sauran.

Na ukun, da kunne muka san shi kafin ido. In azumi ya kama, akwatin rediyo na bakin taga, mai jan baƙi ya ja aya a masallacin Sultan Bello na Kaduna, Shehu Abubakar Mahmud Gumi ya fassara da Hausar da mai dako da mai digiri duk za su gane. Na san har gobe in aka ambaci sunansa a zaure guda sai an samu masu gyara zama ta fuska biyu, kuma ba wannan muhawara ta kawo ni ba. Abin da ya kawo ni shi ne hulunan da aka manta. Ya yi Midil ta Sakkwato, ya yi makarantar shari'a ta Kano, ya koyar a Maru, ya ƙaro karatu a Sudan, ya yi aikin kula da alhazanmu a Jidda tun jirgin sama bai zama ruwan dare ba. Ya zama Alƙalin Alƙalai a 1962. Ya fassara Alƙur'ani mai girma zuwa Hausa, fassarar da ke cikin dubban gidaje a Najeriya da Nijar da zangon Hausawa na Gana. Aka ba shi lambar Sarki Faisal a 1987, ya rasu a Landan a 1992. Malamin aji ne kafin ya zama malamin jama'a, kamar takwarorinsa biyu. Ku lura da wannan: uku cikin huɗu da allo da alli suka fara.

Na huɗun ya girme su duka, ya kuma fi su daɗewa a kan aiki guda. An haifi Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a Dange a 1903, ya hau gado a 1938, bai sauka ba sai da ajali ya zo a 1988. Shekara hamsin cif. Ya ga gwamnonin Turawa, ya ga jamhuriya ta farko, ya ga sojoji sun zo sun tafi sun dawo, ya ga yaƙin basasa, shi yana nan inda yake, ba ya da yawan magana, in ƙasa ta ɗauki zafi kuma shi ake jira ya ce a yi haƙuri. Ce masa na Uku da ake yi ya isa ya nuna yadda sunan ya zauna a gidan Shehu: akwai Abubakar Atiku ɗan Shehu da ya gaji Muhammadu Bello a 1837, akwai Abubakar Atiku na Raba. Ga kuma wani abin da na tabbata da yawanmu sun sha'afa. In aka ce Sardauna, mutum guda ke faɗo mana a rai. To, kafin Ahmadu Bello, Abubakar ne Sardaunan Sakkwato. Sun nemi gadon tare a 1938, Allah ya ba Abubakar, rawanin Sardauna ya koma kan Ahmadu. Ɗan Abubakar ɗin, Muhammadu Sa'ad, shi ne ke kan gadon tun 2006.

Bayan su an yi wani da ya zo da zafinsa. Muhammadu Abubakar Rimi bai cika arba'in ba ya zama gwamnan Kano a 1979 a ƙarƙashin PRP. Ya soke haraji da jangali. 'Ya'yanmu in suka ji wannan ba sa jin komai, domin ba su taɓa ganin magidanci ya kwana a dawa don gudun masu karɓar haraji ba, ba su ga Bafillace yana kora shanu cikin dare don kada a ƙidaya su ba. Ya kafa hukumar yaƙi da jahilci ta manya, ya kafa jaridar Triumph da gidan talabijin ɗin da yau ke ɗauke da sunansa. Bakinsa kaifi gare shi, ya tara masoya ya tara maƙiya, ya rasu a 2010. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma wannan karon yaron ne Rimin.

In na ce zan bi sauran ɗaya bayan ɗaya, sai shafin nan ya ƙare. Ga Abubakar Ladan na Zariya da waƙarsa ta haɗa kan al'ummar Afirka, wadda rediyo ta sa muka haddace ba tare da mun yi niyya ba. Ga Garba Supa da kukumarsa a gidajen biki. Ga Garba Lawal cikin yaran da suka ciyo mana zinariya a ƙwallon ƙafa a Atlanta a 1996. Ga Abubakar Adam Ibrahim na Jos, wanda ya ci babbar kyautar adabi ta Najeriya a 2016 da littafin da ya rubuta da Turanci. Jikokina kuwa, in na ce Abubakar, ɗan ƙwallon Kamaru suke fara kawowa, wanda ya jefa wa Barazil ƙwallo a 2022, ya tuɓe riga don murna, alƙalin wasa ya miƙa masa hannu sannan ya kore shi. Kowane zamani da nasa.

Kada kuma daɗin lissafi ya ɗauke mu. Sunan nan da sarki da malami da marubuci suka ɗauka, shi ne wasu suka ɗauka suka zubar da jinin bayin Allah, ba sai na ambata ba, raunin bai warke ba. An ce suna linzami ne, gaskiya ne, amma linzami ba ya tafiya da kansa, sai da doki da mahayi. Ragon da aka yanka wa wannan irinsa aka yanka wa wancan, huɗubar da aka raɗa musu a kunne guda ce. Abin da ya biyo baya, tarbiyya ce da aiki da rabon da Allah ya yi.

Iyayenmu sun san haka, shi ya sa ba su bar suna shi kaɗai ba. A da takwara dangi ne. In aka yi maka takwara, an ɗora maka nauyi: rigar sallah, ɗan akuya ko 'yar tunkiya, tambayar ina yaron nan ya kai a allo. In ya yi ɓarna a unguwa, kai ake kai wa ƙara, ka kira shi ka ce kada ka ɓata mini suna. In kuma mai sunan ya riga mu gidan gaskiya, kaka ce ke ɗaukar aikin. Da dare, yaro na kan cinyarta, za ta ba shi labarin wanda ya gada, yadda yake da kyauta, yadda ba ya ƙarya, yadda ya yi tafiyar ƙafa zuwa Gabas neman karatu. Ko ta ƙara gishiri ba komai, yaro ya tashi ya san akwai sawun da ake so ya taka. Yanzu ana zaɓo suna daga waya, ko daga fim ɗin Indiya da na Turkiyya, in ma an sa na kaka sai a rufe shi da Halifa ko Sadik a wuce. Laƙabin ba shi ne damuwata ba, mu ma da laƙabi muka tashi. Labarin ne ya ɓace. Na san yaron da bai san sunansa Abubakar ba sai ranar da aka zo cike takardar jarrabawar fita firamare.

Yaron nan ya zo bayan la'asar kamar yadda muka yi. Na faɗa masa abin da na sani game da kakansa, wanda aka haifa a zamanin Sarkin Musulmi Abubakar, kuma kamar dubban yaran da aka haifa a lokacin, girman sarkin da na Sahabin ne suka haɗu a kansa. Tela ne, bai taɓa riƙe muƙami ba, amma shekara talatin ina kai masa ɗinki bai taɓa ce mini gobe ba alhali ya san jibi ne. Na ce masa shi ma yana cikin lissafin, ko da babu titi da sunansa. Sannan na shiga ɗaka na lalubo tsohon Shaihu Umar ɗina, bangon ya rabu, na ba shi aro a kan ya dawo ya faɗa mini abin da ya samu uwar Umar.

Kai ma mai karatu, da wuya a ce babu Abubakar ko Garba ko Habu a gidanku. Yau da dare ka kira shi ka tambaye shi sunan wa ya ci. In bai sani ba, kada ka yi masa faɗa, ka zaunar da shi ka gaya masa. In da hali ka nemo masa littattafan takwarorinsa biyu na 1933, sirara ne, zama biyu ya isa a gama kowanne.